'Yan Dubiyar Ƙanena

A danginmu, in kana son ganin 'yan'uwa, ka kwanta ciwo. Mutanen da ba su taɓa tambayar yadda muka kwana ba, da sun ji an ambaci asibiti sai su cika tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da ledar lemo da ayaba, kowa da maganin da ya warkar da ɗan maƙwabciyarsa. Su dubiya suke kiranta. Ni har gobe kallo nake kiranta.

Ƙanena ya haura talatin kafin wata likita ta faɗa mana sunan abin da muka taso muna gani a tare da shi, wato otizim. Ba ya son hayaniya, ba ya kallon idon mutum, in an sauya masa tsarin yini sai ya rikice. Dangi tuni sun yanke hukunci, wasu aljanu, wasu sangartar Inna. Shi kuwa gyaran keken ɗinki yake yi a shagon wani dattijo ɗan Filato a titin gidan Zoo, kuma can kaɗai na taɓa jin sa yana waƙa a hanci.

Bayan rasuwar Baba fargaba ta kama shi. Da ya doshi ƙofar gida gabansa zai hau faɗuwa, gumi ya jiƙa shi, ya koma ɗaki. Dattijon ya ce mini, "'Yata, zan riƙe masa bencinsa zuwa babbar sallah. In ya wuce haka, teloli za su cinye ni." Bencin nan shi ne duniyar ƙanena gaba ɗaya.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce otizim halittarsa ce, ba a shan magani don a cire ta, fargabar za a yi wa aiki. Ta rubuta ƙwaya guda kowace safiya, ta ce sai an yi makonni kafin a ga amfaninta, kuma kada a yanke ta kwatsam. Ta haɗa shi da wata mai zama da shi tana koya masa jan numfashi a hankali da fita daki-daki: yau bakin ƙofa, gaba bakin titi, sannan adaidaita sahu tare da ni. Ta ce a samo masa abin toshe kunne, a bar shi ya huta. Daga gidana a Darmanawa nake zuwa kullum mu yi wannan atisaye. Har mun kai bakin titi, ya tsaya yana ƙirga numfashinsa, motoci na wucewa, bai gudu ba.

Sai Inna, baiwar Allah, ta faɗa wa Goggo, yayar Baba, a waya cewa yaron yana ganin likitar ƙwaƙwalwa.

Washegari na tarar da takalma har zaure. Sun cusa kansu ɗakinsa, mata kan katifa, maza a tsaye, an zare masa abin kunne wai rashin kunya ne ana gaishe shi yana toshe da kunne. Kowa sai ya dafa kansa ya ce, "Sannu, ya jiki?" Mutumin da ko ni ba na taɓa shi sai na nemi izini. Ya dunƙule a lungu yana rawar jiki, Kawu na gyaɗa kai yana cewa, "Kun gani ko? Aljanun sun motsa." Eh, sun motsa, Kawu, ga su nan sanye da babbar riga.

Haka aka yi ta zarya, in ayari ya fita wani ya shigo. Da na yi magana Inna ta ce, "Ke, a kori mai dubiya? Me duniya za ta ce?" Ashe Goggo ba ta tsaya nan ba. Ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai, wai su ne ke haukata mutane, ta kawo garin hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Ban sani ba sai da ya fara jiri da amai, barci ya ƙaurace masa, ko bakin ƙofar ɗaki ya kasa zuwa. Goggo ta ce ciwon ne ke fita. Matar da ba ta iya karanta sunan maganin hawan jininta ba, ita ce ta zama likitarmu.

Ranar na koma wurin likitar, ta sake tsara masa shan maganin daga farko. Da na dawo na ɗauko kujera na dasa a zaure. Goggo ta iso da tawagarta da kwanon fate.

"Matsa mu wuce."

"Goggo, ya gode, yana hutawa."

"Ni za ki tare a gidan ƙanena? Don kin yi boko?"

"Ki ajiye kwanon, zan kai masa."

Ba ta ajiye ba. Ta juya da fatenta, ta zaga dangi gida-gida tana cewa na yanke zumunci. Inna ta yi kuka, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Ban tashi daga kujerar ba. Gidan ya yi tsit, muka koma bakin ƙofa, bakin titi, adaidaita sahu. Sallah ta wuce da 'yan kwanaki ya zauna a bencinsa, dattijon ya yi kamar bai lura da jinkirin ba.

Da shekara ta zagayo aka yi mini tiyata, na kwanta a gidana. Dangi suka rama, babu wanda ya leƙo, ko lemo guda. Sun ɗauka horo suka yi mini, ni kuwa barcina na sha. Amma ba zan yi ƙarya ba, da yamma in na ji motsi a ƙofa nakan ɗaga kai.

Wata la'asar na ji sallama ƙasa-ƙasa. Ƙanena ne, shi kaɗai ya hau adaidaita sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi, rigarsa sharkaf da gumi. Bai shigo ba, bai ce ya jiki ba. Ya miƙo mini abin toshe kunnensa daga bakin ƙofa, ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar waje.

Na ce, "Shigo mana."

Ya ce, "A'a, Yaya. Ki kwanta. In sun zo zan ce kina hutawa."

Ban faɗa masa babu mai zuwa ba. Ya yi gadina har aka kira magariba.