Wanda Ya Daina Zagin Babanmu

Tun ina ƙarama a Zangon Kumasi, zagi ne ke tashin gidanmu. Mu Dagomba ne, maƙwabcinmu kuma wani tsohon tela ne ɗan Mosi, kuma tsakanin ƙabilun nan akwai wasa tun kaka da kakanni. Da safe zai leƙo zaure ya ce, “Ina bawana? Ɓarawon doya, bai mutu ba?” Baba ya rama da abin da ya fi wannan muni, sai su zauna shan koko.

Sai yayana ya dawo daga Afirka ta Kudu da matarsa, baƙar fata 'yar can. Washegari ta ji ihun, ta tambaya, yaya ya fassara mata. Ta ajiye kofin hannunta. Ta ce Turawa sun kira mahaifinta da irin waɗannan sunaye har ya tsufa, kuma yanzu a ƙasarsu wanda ya faɗa kotu ce za ta raba su. Ba za ta goyi ɗanta a gidan da ake kiran kakansa bawa ba.

Na so in ce mata wasa ne, sai na tuna abin da ya same ni. Ni ma wani mutum ya taɓa jefa mini sunan da ake wa 'yan arewacin Gana a cikin motar haya ta toroto a tashar Kejetiya, mutane suka yi dariya, na kwana biyu ina cizon yatsa. Wancan ma cewa ya yi wasa yake.

Yaya ya je shagon tela ya roƙe shi ya daina zagin. Tsoho ya ce, “Yoo, na ji. Faɗa ma matanka ya yi haƙuri.”

Daga ranar sai gaisuwa: “Alhaji, an tashi lafiya?” Sai tela ya wuce. Baba ya riƙa fita zaure yana dawowa, ya kunna rediyo ya kashe, ya yi ta yi mana faɗa a kan banza. Haushin kowa nake ji, na rasa wa zan ba laifi.

Da ciwo ya kwantar da Baba, ya ce a kira masa tela. Ya shigo, matar yaya na gefe da ruwan magani. Baba ya tattara ɗan ƙarfinsa ya ce, “Kai, ɗan jakin Mosi, sai yau?” Ya zuba masa ido yana jira.

Tsoho ya dubi matar, ya dubi ƙasa.

“Sannu, Alhaji. Allah ya ba da sauƙi.”

Baba ya juya fuskarsa bango.