Gidan Katakon Alhaji

A wani gidan abinci a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, wani ɗan kasuwa mutumin garinmu ya nuna mini hoton gidan katako da ya saya. Wai zai loda a kwantena, ya harhaɗa da kansa a Kano. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba.

Na ce, "Alhaji, katakon nan ya sha danshin Guangzhou. In ya isa gida, a jingine shi a inuwa ya bushe tukuna, kafin a kafa, balle fenti."

Ya taɓe baki, wai laoban, mai kamfanin, ya ce ba matsala.

Da bazara na leƙa gidan a Kano. Katako ya tsuke, fenti ya tsattsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Muna zaune a falo ƙadangare ya shigo ta bango abinsa. Shi ma bai ga matsala ba.