Kiɗan da Babu Mai Shi

Mahaifina tela ne a unguwar New Bell ta birnin Douala, kuma in ka cire keken ɗinkinsa ba abin da yake tattali kamar garmahonsa. Faifan da ya fi so wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ba shi kyauta, ranar da ya gyara masa wando. Ƙaramin faifai ne. A jikin kwalin akwai hoton wasu samarin Turawa huɗu, kaya iri ɗaya, gashi ya sha mai, kowa rungume da abin kiɗansa. Ba mawaƙi a cikinsu, daga farkon faifan har ƙarshe ba mai cewa uffan. Irin kiɗan nan ne da samarin Douala ke kira rok, amma wannan daban yake. Da ƙarar buɗe ƙofa yake farawa, sai jita ta shigo tana karkarwa kamar mai masassara, can ƙasa kuma wani abu yana kuka a hankali. Tsigar jikina tashi take yi, amma har ga Allah ina son sa. Baba kuwa in ya sa shi, har takun kekensa ke canjawa.

Kakata, mahaifiyar Baba, Inna muke ce mata. Waina take soyawa a ƙofar gida, kuma mace ce da ba a kai mata wargi. Ranar da ta fara jin faifan sai ta ajiye ludayi ta leƙo shago.

"Kai, taken wa ne wannan?"

"Ba na kowa ba ne, Inna. Musique ne, kiɗa kawai."

"Ba na kowa ba? To me ya sa ba su kira suna ba?"

A wajen Inna kowane kiɗa da mai shi. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, manomi ma da gangarsa. In an buga take sai a kira suna, mai shi ya amsa. Kiɗan da aka ɓoye sunan mai shi kuwa ta san na su wane ne: mutanen ɓoye, waɗanda ba a ambata da baki.

Baba ya ce, "Mais non, a'a Inna, Turawa ne fa. Ba su san wannan ba."

Ta ce, "Su ba su sani ba. Waɗanda ake kira sun sani."

Daga nan faifai ya zama mai laifin gidanmu. Ƙullu ya ƙi tashi, faifai ne. Ruwan kwata ya shigo zaure, abin da yake yi duk damina tun kafin a haife ni, faifai ne. Da ƙanena ya yi zazzaɓi sai magana ta wuce wasa. Inna ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a tsakar gida, ta ce ko faifan ya bar gidan, ko ita ta koma unguwar Kassalafam wajen gwaggona. Na tausaya wa Baba. Mutum ne marar yawan magana, kullum kansa sunkuye kan ɗinkin mutane, wannan kiɗan ne kaɗai abin da ya zaɓar wa kansa. Amma uwa ta bar gidan ɗanta saboda faifai? Da wane ido zai shiga masallaci? Ya roƙe ta ta yi haƙuri zuwa Juma'a.

Da aka sauko daga masallaci sai ga Baba da maroƙin unguwarmu, wani tsoho ɗan Garwa wanda ba a biki sai da shi. Aka fito da garmaho tsakar gida. Inna na zaune kan ƙunshin kayanta, fuska ba annuri. Baba ya ɗora allura. Ƙofar cikin faifan ta yi ƙara, jita ta fara karkarwa, tsohon nan ya gyara murya ya saki baki:

"Uwar tela! Mai tandar da ba ta sanyi! Kowa ya ci taki ya raina ta gidansu! Bafulatani ya ci ya dawo, Babarbare ya ci ya dawo, ɗan Douala ya ci ya manta da bobolonsu na rogo!"

Mata suka leƙo ta katanga, wata ta rangaɗa guɗa. Inna ta yi ta maza, amma na ga gefen bakinta yana motsi. Da kiɗan ya ƙare ta kwance bakin zane ta miƙa wa maroƙin goro, sannan ta harari Baba.

"Ashe nawa ne. To me ya hana ka faɗa tun farko, ja'iri?"

Ban sani ba ko ta yarda ne, ko ta gane dabarar ɗanta ta rufa masa asiri. Ni dai na fi zaton na biyun. Tun daga ranar, in ta dawo daga kasuwa sai Baba ya sa mata, ta shigo tana taku ɗaiɗai. In ya manta ta ce, "Yau ba a san na dawo ba ne?" Samarin nan huɗu ba su taɓa sanin sun zama makaɗan mai waina a New Bell ba.

Inna ta rasu ina da aure har da goyo. Bayan sadakar arba'in na je gida da hantsi, na tarar da Baba yana goge garmaho. Ya ɗauko faifan ya ɗora allura, ina jin don ya ɗebe kewa. Da ƙofar cikin faifan ta yi ƙara, ni da shi muka juya muka kalli ɗakinta a tare. Labulen bai motsa ba. Jita ta ci gaba da kira, karo na farko na ji tsoron kiɗan nan da gaske.

Baba ya ɗaga allurar tun kiɗan bai kai rabi ba. Ya mayar da faifan cikin kwali, ya ce, "Gaskiyarta. Ba a kiran wanda ba zai amsa ba."