Kawu Gaba-Nawa a Kogin Rhône

Ku da kuka zauna unguwar Minguettes, a gefen birnin Lyon, kun san aljihun Kawu Alhassan na dama, wanda kullum yake rinjaye kamar an saka masa ɗan kyanwa a ciki. To igiya ce. Siririyar igiya mai ƙulli-ƙulli, daga ƙulli zuwa ƙulli gaba guda, da wani guntun ƙarfe ɗaure a bakinta. In dai Kawu ya ga ruwa a kwance sai ya tsaya, ya zaro ta, ya zura. Tafkin lambun shan iska ya auna. Ramin da masu gyaran hanyar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, suka bari ruwan sama ya cika, ya auna. Har bahon wankan gidanmu, ranar da muka tare, sai da ya tara ruwa ya auna, ya fito yana girgiza kai.

Kafin ya zo Faransa, inda ya yi shekara talatin yana ɗaukar kwali a ma'ajiyar kaya ta Vénissieux, haƙar rijiya yake yi a ƙasar Adar, can wajen Tawa a Nijar. Shi ya sa duk labarin da ka kawo masa, in akwai ruwa a ciki, tambayarsa ɗaya ce: "Gaba nawa?" In ka ce ba ka sani ba sai ya ce, "To mi ka gani?" Har sunan ya bi shi. Ni kuwa Rakiya, ɗiyar ƙanwarsa, Allah ya ƙaddara ni ce mai bin bayansa ina ba mutane haƙuri.

Wasunku suna nan lokacin da muka je ɗaurin aure Montreuil, a gefen Paris. An gama addu'a, an kawo shinkafa, aka nemi Kawu aka rasa. Sai bayan la'asar muka same shi a kan wata gada ta kogin Seine, tsakiyar Paris, shi da 'yan sanda biyu. Daga baya ya ba mu yadda aka yi. Wai ɗan sandan ya ce masa, "An hana kamun kifi a nan."

"Ba kifi nike kamu ba. Tambaya nike."

"Wa kake tambaya?"

"Ruwan."

Suka duba takardunsa, lafiya lau. Sai shi kuma ya juyo musu: shekara nawa suna gadin wannan kogi? Ɗaya ya ce takwas. "Shekara takwas, ba ka san zurfinsa ba? In mutum ya faɗa, da mi za ka faɗa wa uwarsa?" Wallahi da muka iso, ɗan sandan ne riƙe da igiyar yana jawo ta yana ƙirga ƙulli da ƙarfi, Kawu na gefe ya goya hannu yana gyara masa.

To shekarar da ya ajiye aiki, likita ya ce zuciyarsa ta gaji, hutu take so. 'Ya'yansa uku suka haɗa kai suka yi masa kyautar tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, daga Lyon a gangara kogin Rhône har Arles, ana tsayawa tsoffin birane. Kujera biyu ce, shi da matarsa. Inna Hauwa ta dubi takardar, ta dubi mijinta, ta ce, "Ruwa? Kwana bakwai? Da wannan mutumin? A ba Rakiya." 'Ya'yan kuma duk aiki ya taso musu a satin, kai ka ce sun haɗa baki.

Tun a bakin jirgi aka fara. Wata budurwa cikin farar riga ta tare mu da murmushi ta ce, "Bienvenue, Monsieur." Kawu ya ja ya tsaya.

"Ɗiyata, gaya mata ta daina ce mini mushe. Shekara talatin ina haƙuri da wannan a wurin aiki. Yanzu hutu nike. Da raina."

Na fassara mata yadda zan iya, cewa a harshenmu kalmar tana nufin dabbar da ta mutu ba yanka. Yarinya ta rufe baki. Daga ranar duk ma'aikatan jirgin "Kawu" suke ce masa, har mai dafa abinci.

Aka tara mu a nuna mana rigar ceto, wannan mai ruwan lemo. Kowa ya gwada ya cire. Kawu ya gwada ya ɗaure. Da ita ya je cin abincin yamma, a kan babbar rigarsa ta shadda, cikin tsofaffin Turawa da suka sha ado. Na ce, "Kawu, don Allah, kallonmu ake."

"Su kalla. In jirgin nan ya kife, su za su riƙe ni."

Wata tsohuwa da aka zaunar teburinmu, Madam Odile, ta tambaye shi ko bai iya iyo ba ne. Ya ce mata shi ya shiga ruwa fiye da duk wanda ke ɗakin nan, amma a tsaye yake shiga, da igiya a ƙugu, da mutum huɗu a sama. Wannan shiga a kwance da Turawa ke yi, bai ga hankali a cikinta ba.

Washegari muka sauka garin Vienne. Mai yi mana jagora wani saurayi ne mai ɗan gemu, da tuta a hannu, ya kai mu wani wurin taro na Rumawa, matakalan dutse sun zagaye, wasu sun karye, ciyawa ta fito. Yana bayani yana alfahari. Kawu ya dudduba, ya matsa kusa da shi, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Sannu. Allah ya mayar da alheri. Yaushe abin ya faru?"

Na ce, "Kawu, ba wani abu ne ya faru ba. Ginin ya yi wajen shekara dubu biyu."

"Dubu biyu! Ba a gyara ba?"

Saurayin ya ce ai haka ake so a bar shi, tarihi ne. Kawu ya dube ni ya ce, da Hausa amma da ƙarfi, "Kunya yake ji. Gaya masa kada ya damu. Ran Asabar in kawo mutanen unguwarmu, mu ashirin, a samo siminti, kafin azahar mun rufe wannan ɓangaren." Kuma da gaske yake. Sai da ya karɓi lambar wayar yaron. Kada ma ku tambaye ni abin da ya ce daga baya a Avignon, da ya ga wata tsohuwar gada da ta kai tsakiyar kogi ta tsaya. Minti goma yana neman a nuna masa gidan ɗan kwangilar.

Amma babbar rigimar a rana ta uku aka yi ta. Na shiga ɗaki in ɗauko masa maganinsa, na fito na ji ana ihu a bayan jirgi. Kawu ne, ya kwanta da cikinsa a kan ƙarfen gefe, rabin jikinsa a waje, ya zura igiya daidai inda farfelar jirgi ke juya ruwa, jirgi na gudu. Ma'aikata biyu sun riƙe ƙafafunsa. Sai ga kaftin da kansa, wani dogo mai farin gashi, fuskar nan ja wur. Ya fizge igiyar, ya naɗe ta, ya ce mini in faɗa wa kawuna: in ta shiga injin, jirgi zai tsaya da mutum ɗari da wani abu a tsakiyar kogi, in shi ya faɗa kuwa babu mai tsamo shi da rai. In ya ƙara ko kusantar gefen nan, a gari na gaba za a sauke mu da jakunkunanmu.

Ni kuwa ina tunanin zuciyar tsohon nan, ina tunanin yadda zan koma Minguettes rana ta huɗu in dubi 'ya'yansa. Kawu kuwa ya miƙe, ya gyara rigar ceto, ya ce, "Tambaye shi, tunda shi ne mai jirgi. Gaba nawa?"

Kaftin ya ja numfashi, ya kai mu ɗakin tuƙi, ya nuna masa wani ɗan allo da lamba ke sauyawa a kai. Ya ce ga zurfin nan, kowace daƙiƙa na'ura na faɗa.

Kawu ya leƙa allon, ya leƙa bayansa, ya ce, "Ta taɓa shiga?"

"Wa?"

"Na'urar. Ta taɓa sauka ta taɓo ƙasa ta dawo da laka?"

Kaftin ya ce a'a.

"To ji ta yi. Labari aka ba ta."

Kaftin ya saka igiyar a aljihun teburinsa ya murɗa makulli. Kawu ya koma ɗaki ya yi zuciya. Yini biyu bai fito ba. Birni ya ƙi sauka, abinci sai na kai masa, ya juya wa taga baya, wai shi da kogin nan babu magana tunda an raba su. Madam Odile ta riƙa aiko masa da tuffa. Ni kuma tsoro ya kama ni da gaske, don mutumin da aka kawo hutu ga shi yana ramewa a gabana.

Rana ta biyar da hantsi aka sanar cewa za mu shiga babbar mashigar madatsa, irin wadda jirgi ke shiga a rufe ƙofa a rage ruwa har ya sauka daidai da kogin da ke ƙasa. Mun wuce ƙanana a baya, ko muna barci ko yana cikin fushinsa, bai ga ko ɗaya ba. Na ce, "Kawu, ko don ni, fito ka sha iska." Ya fito yana jan ƙafa, ya zauna a saman jirgi ya rufe ido.

Jirgi ya shiga tsakanin bango biyu. Aka rufe bayanmu. Sai ruwa ya fara ja da mu ƙasa, a hankali, bangon yana tashi, baƙi, jiƙe, da gansakuka. Rana ta ɓace. Sanyi ya taso, da wannan warin laka. Sai na ga hancin Kawu ya motsa. Ya buɗe ido. Ya dubi bango, ya ɗaga kai ya ga sama ta zama 'yar tsiririya, ya miƙe zumbur.

"Rakiya! Rijiya ce! Sun sa jirgi a rijiya!"

Kai, ku zo ku ga tsoho! Ya manta da fushi, ya manta da zuciya. Yana zagaya yana duba bango yana yaba ginin, yana ce wa Turawa kada kowa ya ji tsoro, shi ya san nan. Ya haɗa hannu a baki ya ƙwala wa wani ma'aikaci da ke leƙo mu daga can sama kira: "Kai na sama! Sassauta! Sannu-sannu!" Mutumin ya ɗaga masa hannu. Kawu ya ce, "Ka ga wannan ya san aiki."

Da muka tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, ya lumshe ido ɗaya, ya ce, "Gaba goma sha uku." Kaftin ya leƙo ta tagarsa ya ce me ya ce? Na faɗa masa, na buɗe hannuwana na nuna masa gaba. Ya yi ɗan lissafi a kansa, ya dubi Kawu, ya cire hularsa. Mutane suka hau tafi. Kawu ko a jikinsa. "Gaya masa ya faɗa wa na'urar."

Muna cikin dariyar ne bangon da ke gabanmu ya motsa. Ashe ƙofa ce. Ta fara ɗagawa sama, ruwa na ɗiga daga gindinta, haske ya shigo ta ƙasa, sai ga kogi shimfiɗe, ga itatuwa, ga rana. Jirgi ya tafi a hankali ya bi ta ƙarƙashinta.

Na juyo in tsokane shi, na ga ya zauna, babu dariya a fuskarsa.

"Kawu, zuciyar ce? In kawo magani?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ƙofa a ƙasa. Ɗiyata, rijiya da ƙofa a ƙasa." Ya share fuska da hannun riga. "Da tamu tana da ita, da Idi ya fita."

Ni dai na san uwata tana da wani wa, Idi, da ya rasu da ƙuruciya, ba a yawan zancensa. A ranar na ji sauran. Tare suke haƙa, shi da Kawu. Ran da abin ya faru, shi Idi ne ya sauka, Kawu na sama riƙe da igiya, gefen rijiyar ya rufta. Kwana biyu suna tono da hannu. Bayan an yi sadakar arba'in Kawu ya bar garin, bai sake haƙa ba.

Madam Odile ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta zo ta zauna ɗaya gefen nasa. Haka muka zauna mu uku har madatsar ta ɓace a bayanmu.

Ya ƙarasa tafiyar lafiya, ya sauka kowane gari, ya ci abinci, ya yi faɗa da masu jagora. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya rasu a gadonsa ran wata Juma'a da safe, Inna Hauwa na kusa da shi.

Allah ya jiƙan Kawu Alhassan, ya jiƙan Idi, ya haɗa su inda babu rabuwa. Ya yalwata musu kabarinsu, ya buɗe musu ƙofa zuwa haske. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.