Ɓarayi Biyu Aka Gicciye Tare Da Shi

Kafin in lalace, ni tafinta ne. Tun ina saurayi na bar garinmu a kudancin Kaduna ina bin tirela. Na zauna Kwatano da Lome da Kumasi, ko'ina na kwaso harshensu. Da na sauka Agege a Legas, wata ƙaramar majami'a ta ɗauke ni ina juya wa'azi daga Yarbanci zuwa Hausa saboda mutanenmu na arewa.

A nan na sake ganin abin da na gani a Kwatano: mutum ya fi yarda da abin da zai riƙe a hannu fiye da abin da zai ji da kunne. Na fara da sayar da man zaitun. Daga baya na riƙa tsinto katakon akwatunan tumatir a kasuwar Mile 12, in fere shi ƙanana, in jiƙa da mai, in sayar a kan cewa guntun gicciyen Yesu ne daga Urushalima. Aya guda nake ja, mai cewa da raunukansa muka warke. Ban taɓa duba abin da ke gabanta ko bayanta ba. In zuciyata ta dame ni, sai in ce ai ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ma a numfashin ƙarshe ya tuba.

Akwai Maman Rifkatu, mai sayar da tuwo kusa da kwata. Mijinta na fama da ciwon sukari. Ta sayi guntun katakon, ta ce, "Malam Tafinta, ya ci gaba da maganin asibiti?" Na ce mai bangaskiya ba ya haɗa biyu. Wata biyu ba su cika ba ya rasu. Ƙanensa ya kai ƙara, kotu ta ɗaure ni.

A kurkuku wani tsoho mai bishara yake zuwa mana ran Lahadi. Na ce masa ni kamar ɓarawon nan na gicciye ne.

Ya ce, "Wanne? Ai biyu ne."

Ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki, ya sa na karanta surar da ke da labarin ɓarayin daga farko har ƙarshe. Na ga ɗayan so yake kawai a sauke shi. Ɗayan kuwa ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne. Tsohon ya ce, "Ɗan'uwa, aya ba ta zama ita kaɗai. Duba wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, me ya zo kafinta. Yesu ya mutu ne domin zunubinmu. Gicciye ba laya ba ne." Ni kuwa ko a kotu musu na yi.

Ranar da aka sake ni na nufi rumfar Maman Rifkatu. Na durƙusa, na ce bakina ne ya kashe mijinta. Ta daɗe tana kwasar tuwo ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, "Na yafe, don ni ma an yafe mini. Amma ran Lahadi ka tsaya gaban jama'a ka faɗa, da duk yarukan da ka yi ƙaryar."

Na faɗa da Hausa, da Yarbanci, da Turancin buroka. Ban taɓa tafinta mai wuya kamar ta ranar ba.

'Ya'yana, in wani ya ja muku aya guda, ku karɓi littafin ku karanta surar duka. Kada kuma ku ajiye tuba sai numfashin ƙarshe. Ni an karɓi tawa, amma har yau Maman Rifkatu ita kaɗai take buɗe rumfarta, ba mijinta.