Gwangwanayen Tabar Kaka Ari

A bazarar 1974, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, na ƙera motar da ta fi ta kowane yaro a unguwarmu a Gure. Kamyo ce mai taya shida, jikinta ja da ruwan zinariya, har da hoton jirgin ruwa a ƙofar direba. Na ja ta da zare daga bakin rijiya har ƙofar lakwal, makarantar bokonmu, yara na bina a guje. Da gwangwanayen tabar kakana na yi ta.

Kaka Ari tsohon soja ne. Da ya bar soja ya yi gadin gidan turawan da ke duba dabbobi, masu shan lofe, kuma duk gwangwanin da ya ƙare shi ke ɗauka. Shi kansa taba gari yake ci da kanwa. Gwangwanayen sun kai talatin, jere a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. Bai iya karatu ba, amma da ya ga murfi zai gaya maka zamaninsa: mai jirgin ruwa na kafin yaƙi ne, mai gemu na baturen da ya yi shekara uku, masu siririn ƙarfe na lokacin da aka samu 'yanci. In an yi haihuwa a gidanmu sai ya jefa ƙwallon dabino a gwangwanin lokacin, in an yi mutuwa, baƙin dutse. Ubana, wanda ya rasu ina goye, yana da duka biyun a ciki. Ni duk ban san wannan ba. Na dai san in na taɓa akwatin yakan ce, "Kai ɗan nema, matsa daga nan."

Ranar da abin ya faru, Kaka Ari ya tafi garin Bune ta'aziyya. An aike ni ba awaki ruwa, na bar su, na zazzage gwangwanayen a ƙasa, na share tarkacen da tsintsiya, na zaɓi bakwai mafi kyau na yanke da wuƙa.

Da ya dawo bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Kwana uku yana zaune a tabarma yana tsintar ƙwallaye cikin rairayi, ya sa wannan a nan, ya cire, ya kira sunan mutum ya koma wani gwangwanin. A na huɗu ya tura akwatin ya ce wa kakata ta zuba barkono da daddawa a sauran. Daga nan in an tambaye shi wa ya girmi wa, sai ya ce, "Ku tambayi direba."

Kwanan baya ɗana ya nuna mini a waya wai a Turai akwai masu tara irin waɗannan gwangwanaye, suna gane shekarar kowane daga murfinsa. Na ce ya kashe abin. Yanzu kowane jariri da takardarsa, har da awar haihuwa. Ni na yi furfura, ban san shekara nawa ubana ya yi a duniya ba. Mai yiwuwa na daɗe da girme shi.