Mita Ɗaya da Rabi

Shekara talatin da ɗoriya magini ya yi yana ɗora bulo kan bulo, ba a taɓa jin bangon da ya gina ya karkace ba. Mutum ne mara yawan magana. In ya isa wurin aiki sai ya ciro tef daga aljihu, ya auna tsawo, ya auna faɗi, sannan ya tsuguna ya rubuta a kan takardar buhun siminti da guntun fensir. Leburori kan ce in ya ce bulo ɗari huɗu za su isa, to na ɗari huɗu da ɗaya sai dai a yi kujera da shi.

Amma ba da tef ya fara ba, da igiya ya fara.

Yana sabon shiga sana'ar ne shi da ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta, suka haɗa guminsu suka sayi fili a ƙarshen layi. Filin ba daidai yake ba: gabansa mai faɗi ne, bayansa kuwa siriri, ya miƙe har bayan gidan maƙwabci. Da aka zo rabo, babba ya ce shi ya san aikin. Ya zagaye na gaba da igiya, mita goma sha biyu kowane gefe, ya ƙulle inda bakinta ya haɗu. Ya ɗauki igiyar nan ya zagaye na baya, tsawo goma sha takwas, faɗi shida, ƙullin ya faɗa daidai wurinsa.

"Ka gani da idonka," in ji shi. "Igiya ba ta san wa da ƙane ba."

"Yaya, ko ba ka auna ba ai na yarda. Ɗauki na gaba, ni dama ba na son hayaniyar hanya."

Suka kafa shingen kwano a tsakani, kowa ya gina nasa. Ɗakunan Auta suka jeru ɗaya bayan ɗaya, da lungu a gefe. Shi da kansa yake tsokanar gidan, wai taragon jirgin ƙasa ne, in mutum yana son juyawa sai ya fita waje ya juya sannan ya dawo. Magini ya sha yin dariya, zuciyarsa fes.

Shekara tara bayan haka, a wani gida da yake ginawa, ya zagaye ɗakuna biyu da tef, ya ga kewayensu ɗaya ne, ya ce wa mai gidan a sayo musu tayil daidai wa daida. Ɗaki ɗaya tayil ya yi saura, ɗayan kuwa ya ƙare tun ba a kai bakin ƙofa ba. Mai sa tayil ɗin, wani tsoho mai barkwanci, ya dube shi ya girgiza kai.

"Haba magini, kewaye ai naku ne masu katanga. Ni ƙasa nake rufewa. Tsawo sau faɗi, shi ne inda mutum zai sa ƙafa."

Da aka tashi hutun rana, magini bai je cin abinci ba. Ya koma bayan tarin yashi ya yagi takarda. Goma sha biyu sau goma sha biyu, ɗari da arba'in da huɗu. Goma sha takwas sau shida, ɗari da takwas. Ya sake bi, ya sake bi, lissafi ya ƙi canzawa. Tsakaninsu talatin da shida, rabinsu na Auta ne: wurin ɗaki guda cikakke. Ya dunƙule takardar ya jefa cikin kwaɓaɓɓen siminti.

Ya yi niyyar faɗa. Sai dai a shekarar ce ya gina wa matarsa kicin a jikin shingen, ta kuma daɗe tana jiransa. Ya ce bari a ɗan jima. Maimakon magana, sai ya shiga yi wa Auta aiki: ya yi masa filasta, ya gyara masa rufi, ya sake masa ƙofa, bai taɓa karɓar ko ruwan sha ba. Auta ya riƙa gaya wa mutane cewa yayansa irinsa sai an tona. Yara suka ƙaru a gidan baya har shida, manya suna kwana kai da ƙafa. Haka shekara ashirin da uku ta shuɗe. Ranar da Auta ya rasu, sai da masu ɗauke da shi suka karkata kafin su iya wucewa ta lungun. Magini yana tsaye yana kallo.

Bana ruwan sama ya kwantar da shingen. Da hantsi matar Auta ta shigo, ta durƙusa daga nesa suka gaisa.

"Yaya, babban yaronka na wajena ya aiko da bulo. Ya ce a daina faci, a yi katanga gaba ɗaya. Na ce wa zai taɓa mana ita in ba kai ba? Ramukan sandunan ma suna nan, sai dai ka bi su."

Magini ya ce to. Ya san kwano ana iya matsar da shi, amma bulo in ya kama, ya kama, jikoki ma a nan za su tarar da iyaka.

Washegari da safe ya fito da tef da turaku biyu. Ya tsaya a kan tsohon ramin ya daɗe. Sannan ya ja tef zuwa cikin gidansa, mita ɗaya da rabi, ya buga turke. Ya je ɗaya gefen ya yi haka. Da ya ja zare tsakaninsu, sai da ya shiga ta tagar kicin ya fita ta ƙofa.

Matarsa ta fito da ludayi a hannu.

"Maigida, idon ne ya fara, ko tef ɗin ne ya tsufa? Zarenka a kan murhuna yake."

"Nan ne iyakar."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Matar Auta ta leƙo jin muryoyi. Ya kira ta, ya tsuguna, ya zana filayen biyu a ƙasa da ƙusa, ya yanka kowanne gida-gida kamar tayil, ya ce su ƙirga da kansu. Suka ƙirga layi-layi. Mita ɗaya da rabi sau faɗin gidansa, in ji shi, goma sha takwas ke nan, abin da ya rage wa ƙanensa.

"Kuskure ne, Yaya, kowa na yi," in ji matar Auta. "Yau ka gano?"

Ƙofar tsira ce ta buɗe masa, yana iya shigewa. Ya dubi ƙusar da ke hannunsa.

"Shekara tara kuskure ne. Sauran ba kuskure ba ne."

Matarsa ta zauna a bakin rijiya. Matar Auta ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon zanen.

"Da shi ka faɗa wa," ta ce a hankali. "Da dariya zai yi, ya ce ka riƙe. Ni ban iya irin dariyarsa ba."

"Ban ce ki yi ba."

"To, a bi zaren."

Ta koma gidanta. Magini ya jingina tsani a jikin kicin, ya ɗauko guduma. Kafin ya taka matakin farko matarsa ta miƙe.

"Dakata mana in kwashe tukwanena. Ka jira shekara ashirin da uku, ba za ka iya jiran ruwa ya tafasa ba?"

Ya sauke ƙafarsa, ya tsaya riƙe da tsanin, tana shiga tana fita, tana tsallake zaren ba ta taɓa shi ba.